Wasiƙa daga Manchesta: Tsohon tarhon da na saya fam 8



Ina neman afuwa kan shirun da kuka ji na kusan wata biyu. Karatu ne ya sha kaina, ga sanyi ya shigo, tun ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu kamar an yi isha'i. Mu dai nan lafiya lau, uwargida da yara suna gaida kowa da kowa. Wasiƙar yau labarin wani tsohon tarho ce da na tsinta a kasuwar gwanjo, kuma a ƙarshenta akwai roƙon da nake so in yi wa Yaya Babba, saboda haka don Allah a daure a karanta har ƙasa.

Kowa dai ya san halin da Baba yake ciki tun bara da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin dama. Ku da kuke kusa kuna ganinsa kullum, ni kuwa murya kawai nake samu, muryar ma ba ta da yawa. Duk Juma'a in na kira, abin ba ya wuce minti biyu. In gaishe shi, ya ce lafiya lau, ya tambayi karatu, ya sa albarka, sai in ji ya ce a kai wa Umma. Na sha ajiye waya in yi tagumi, domin mutumin da na sani da hira da ban dariya ya koma kamar baƙo, ga shi ba ni da halin zuwa sai na miƙa kundin digirina. Ban taɓa faɗa wa kowa irin damuwar da wannan ya jefa ni ciki ba, sai yau.

To, ranar wata Lahadi na raka wani abokina ɗan Gana kasuwar da Turawan nan suke ci a fili, inda kowa yake zuwa da motarsa ya buɗe but ya baje tarkacen gidansa. Shi tukunya yake nema, ni kuwa rakiya ce kawai. Muna cikin zagaye sai na hango wani tarho mai faifan juyawa a cikin kwali, an jibga masa tsofaffin littattafai. Fari ne a asali, amma ya koma ruwan ƙwai saboda tsufa, igiyar kansa ta cukurkuɗe, ƙura ta cika ramukan faifan. Ban san lokacin da na sa yatsa na ja sifiri na saki ba. Ƙarar nan ta "tirrrr" da na ji sai ta mai da ni falon Baba a Kano, ina ɗan shekara goma. Dattijuwar da ke sayarwa ta ce fam 10, na taya 8, ta sallama, ta kuma gaya min gaskiya cewa ba ta san ko yana aiki ba, na mahaifiyarta ne.

Da na kawo shi gida uwargida ta dube ni ta dubi kwalin, ta ce, "Wato duk kuɗin hayar da muke kuka da shi, bola ka je ka sayo mana?" Ban ce komai ba, domin tana da gaskiya.

Da daddare na ɗauki hotonsa na tura wa Auta, na ce ta nuna wa Baba, ko zai yi dariya. Jama'a, ko minti goma ba a yi ba sai ga kira ta bidiyo. Ina ɗauka na ga Baba ne da kansa, an kafa masa wayar a jikin matashi, ya sa tabarau. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba ya ce, "Kai, kifa shi in ga gindinsa."

Na kifa. Ya ce, "Karanto min abin da aka rubuta."

A ƙasan akwai wani rubutu da farin fenti wanda ban ko kula da shi ba. Na karanta masa: 746F, sai haruffa uku, sai 74. Ya ce, "To ka ga shekararsa nan, 1974. Ya girme ka nesa ba kusa ba. Lambar farko ita ce samfurinsa, haruffan na masana'antar da ta ƙera shi ne. Duk tarhon da aka miƙo maka, kafin ka taɓa noti ɗaya, ka fara kifa shi. Fuska tana yaudara, amma gindi ba ya ƙarya."

Ga waɗanda ba su sani ba cikin abokai, Baba ma'aikacin waya ne tun zamanin P&T, da su aka koma NITEL lokacin da aka kafa ta a 1985, kuma yana bakin aiki har wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Ya ce wannan da na saya kamanninsa ɗaya da waɗanda suka yi ta ɗaurawa a ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata. Daren nan mun yi minti arba'in muna magana. Sai da Umma ta leƙo ta ce a bar shi ya kwanta.

Daga nan ni ma na duƙufa bincike, don kada in riƙa jin kunya in ya yi min tambaya. Ashe a nan Birtaniya, a wancan zamani mutum ba ya sayen tarho, hayarsa yake yi daga hukumar gidan waya, wadda ita ce ke riƙe da harkar waya kusan gaba ɗaya har zuwa 1981 da aka ware British Telecom. Shi ya sa samfuran ba su da yawa, kuma kowanne da lambarsa. Akwai 332, baƙi mai nauyi, wanda ya fito a 1937, an yi shi da wata roba mai tauri da ake kira bakalait, galibi da ɗan aljihun tebur a ƙasansa inda ake ajiye lambobi. Sai 706 da ya fito a 1959 da launuka iri-iri, sannan 746, irin nawa, a 1967. Waɗannan biyun na baya in ka hange su sai ka ce tagwaye ne, amma 746 yana da ɗan lungu a bayan mazaunin kai inda ake zura yatsu a ɗauke shi, kuma noti ɗaya ne a baya ke riƙe da murfinsa, shi kuwa 706 noti biyu ne a sama.

Harafin F da ke jikin lambar ma da ma'anarsa. Yana nufin lambobi ne zalla a faifan. Masu harafin L suna da haruffa tare da lambobi, domin kafin 1966 a manyan birane irin su Landan da Manchesta, sai ka fara juya haruffa uku na farkon sunan cibiyar unguwar da kake nema, sannan ka bi da lamba. Haruffan masana'anta kuwa, in ka ga PL to Plessey ne, in ka ga FWR to an taɓa mai da shi masana'antar hukumar da ke Wales an yi masa kwaskwarima an sake fito da shi. Wato ko su Turawan a lokacin gyara suke yi, ba sa yarwa.

Akwai kuma wata shaida a tsakiyar faifan, ƙarƙashin wata 'yar roba mai haske: takarda zagayayya ɗauke da lambar gidan da tarhon ya zauna. Tawa ta fara da 061. Wannan ita ce tsohuwar lambar Manchesta, wadda aka mai da ita 0161 a ranar 16 ga Afrilun 1995. Ke nan tarhon ɗan garin nan ne, kuma tun kafin 1995 aka rubuta takardar. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Kamar yadda muke 064, Kaduna 062, Zariya 069." Bai yi ko gargada ba wajen jero su. Auta ta ce min daga baya ita ma sai da ta yi mamaki.

In wani cikinku zai sayi irin wannan, ya yi hattara, domin yanzu ana ƙera sababbi masu kama da su sak. Ɗaga shi ka ji. Na asali yana da nauyi saboda ƙarfen da ke ciki, in ka ɗan girgiza shi za ka ji ƙararrawa ta yi motsi. Na kwaikwayo shafal yake, sau da yawa za ka ga alamar tauraro da ta tsani a faifansa, waɗanda na asali ba su da su, kuma in ka kifa shi ba za ka ga wancan rubutu na fenti ba.

Aikin gyaran sati uku ya ɗauke mu, kullum bayan la'asar ɗinku. Na sayo sukudireba da ƙaramar mita ta gwajin wuta, na shimfiɗa jarida a teburin cin abinci. Ni ne hannu, Baba ne ido da kunne. Da na buɗe murfin sai ya ce in tsaya, in ɗauki hoton cikin kafin in cire ko waya ɗaya. Ya ce su a zamaninsu zanawa suke yi a takarda, kuma duk yaron da ya kwance waya bai zana ba, ranar sai ya kwana a ofis.

Matsalar farko igiyar layi ce. Tsohuwar ba ta da filogi, domin a da ɗaure ta ake yi kai tsaye a jikin wani ɗan akwati a bango. Sai a 1981 aka fara amfani da filogi da soket a nan. Na sayo sabuwar igiya mai wayoyi huɗu, ja da fari da shuɗi da kore, na bi zanen da masu sha'awar waɗannan kaya suka tanada. A cikin tarhon akwai jerin notina masu lamba, T1 har zuwa T19, wasu an haɗa su da 'yan ƙarafa. Sai an cire wasu ƙarafan, sannan a sa ƙaramar rezista mai ohm 3,300 tsakanin T4 da T5. Dalili kuwa, kwayil ɗin ƙararrawar ohm 1,000 ne kacal, a tsarin yanzu sai ya zuƙe wutar da ke zuwa ya hana sauran wayoyin gidan ƙara. Wannan ɓangaren Baba bai san shi ba, tsarin nan ƙasar ne, don haka ni na yi masa bayani. Ya saurara tsaf, ya ce in sake, na sake, ya ce, "Da hankali a ciki." Rabon da Baba ya ce da hankali a maganata har na manta.

Na biyu faifan. In na ja sifiri na saki, sai ya riƙa komawa yana jan ƙafa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na ɗauko gwangwanin WD-40 zan fesa, Baba ya daka min tsawar da ban san yana da sauran ƙarfinta ba. "Kul! Ajiye wannan!" Ya ce a bayan faifan akwai wani ɗan kofin tagulla mai 'yan ƙarafa biyu da ke juyawa a ciki, shi ne birkin da ke daidaita gudun faifan, kuma dole ya zauna a bushe. In mai ya shiga, yau zai yi gudu, gobe ƙura ta manne ya daskare. Abin da ake yi shi ne a goge tsohon man da ya bushe da tsinken auduga, a ɗiga man keken ɗinki da bakin allura a kan sandunan da ke juyawa kawai. Na yi hakan. Ya ce in kawo wayar kusa in ja sifiri. Na ja, ya yi shiru yana saurare, ya ce da saura. Sai a karo na huɗu ya ce, "Yauwa, ya hau."

Abin da kunnensa yake aunawa shi ne wannan: faifan yana yanke layin ne yana haɗawa da sauri yayin da yake komawa, sau goma a daƙiƙa ɗaya. In ka ja 3 ya yanke sau uku, in ka ja sifiri sau goma. Injin da ke cibiya yana ƙirga yankewar, da haka yake gane lambar da kake so. Wani Ba'amurke mai suna Almon Strowger ne ya ƙirƙiro injin haɗa layi irin wannan, ya yi masa rajista a 1891, kuma abin mamaki sana'arsa ta asali shirya jana'iza ce. To in faifan ya yi nawa ko ya cika sauri, sai injin ya ƙirga ba daidai ba, ka nemi asibiti ka faɗa gidan wani.

A nan ne fa asiri ya tonu, kuma Yaya Babba ka yi haƙuri, tunda an wuce wurin. Kun tuna ɗan kwadon da Baba yake sa wa faifan tarhonmu in zai fita? Kun kuma tuna yadda wani yake ɗaga kan ya riƙa ƙwanƙwasa maɓallin mazaunin da yatsa, tak tak tak, yana kiran wata a Kaduna, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina gadi a kan ladan alawa? Sai yanzu na gane abin da muke yi. Aikin faifan muke yi da hannu, kuma tunda lambar Kaduna da sifiri ta fara, sai an buga goma cif kafin a je ko'ina. Na daure na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ni da nake aikin? Ai duk wata ina ganin 062 a takardar biya. Na bar shi ne don na ga yarinyar 'yar mutunci ce." Ga shi kuwa yau ita ce Antinmu, uwar 'ya'ya biyar. Anti, a gafarce ni.

Na uku murya. In na yi magana sai a ji ni can ƙasa-ƙasa ana ta shuu kamar ana suya. Baba ya ce in murɗe murfin bakin, in ciro abin maganar. Ya ce cikinsa garin gawayi ne ƙanana-ƙanana, in ya daɗe a ajiye sai ya dunƙule. Ya sa na ɗan bubbuga shi a gefen tebur, muryar ta ɗan washe, amma bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Ƙarshe na sayo na zamani wanda aka yi daidai ramin, na sa. Tsohon kuwa Baba ya ce kada in yar, in naɗe shi a takarda in ajiye, domin kayan tarhon ne, wanda zai gaje shi yana da haƙƙin ganinsa.

Sai ƙararrawa, wadda ita ce ta fi ba mu wahala. Na jona tarhon a jikin akwatin intanet na gidan, domin a nan yanzu ta nan layin gida yake bi. A 2024 kamfanin BT ya sanar cewa zuwa ƙarshen Janairun 2027 zai rufe tsohon tsarin layin gaba ɗaya. Akwatin namu bai gane yaren faifai ba, sai da na haɗa masa wata 'yar na'ura mai fassara yankewar zuwa sautin da wayoyin zamani ke yi. Na kira lambar gidan da salular uwargida. Maimakon ƙara sai muka ji "kaf kaf kaf" kamar ana buga murfin tukunya. Gwiwata ta yi sanyi, na ce ko kwayil ne ya ƙone. Baba ya ce, "In ya ƙone ko motsi ba zai yi ba. Dubi ƙoƙunan nan biyu na ƙarfe. Ramin notinsu ba a tsakiya yake ba, da gangan aka yi haka. Sassauta noti, ka juya ƙoƙon kaɗan har ya rabu da sandar da ke dukansa, ka bar tsakani kamar kaurin takarda." Ashe ƙoƙon ɗaya ya matse sandar ne, shi ya sa sautin yake mutuwa. Na juya, na ɗaure, na sake kira.

Jama'a, ƙarar da ta tashi a ɗakin nan sai da yara suka fito da gudu. Kirrr kirrr, ta tsaya, kirrr kirrr. Na dubi wayar hannuna, na ga Baba ya cire tabarau yana goge ido da hannun hagu. Bai ce komai ba sai, "Ɗauka mana, ana kira."

Launinsa na bar shi yadda yake. Akwai man da ake shafawa a shanya a rana ya dawo da farin, amma ina ranar take a Manchesta a wannan watan? Na wanke murfin da ruwan ɗumi da sabulu, na goge shi, na warware igiyar kan. Takardar 061 ma na mai da ita mazauninta. Uwargida da ta kira shi bola, yanzu ita ke hana yara wasa da shi.

To Yaya Babba, ga roƙon nawa. Na ji a bakin Umma cewa ana shirin kwashe ɗakin nan na zaure a gyara shi a sa haya, kuma an yi magana da 'yan jari-bola su zo su auna abin da ke ciki. Na san ana bukatar kuɗin, na san kuma nauyin maganin Baba kusan duk a wuyanka yake, Allah ya saka da alheri. Ban ce kada a sa ɗakin haya ba. Amma akwatin kayan aikin Baba na ƙarfe, da tarhon falonmu, da sauran tsofaffin da ke cikin buhu, don Allah a ware su. Duk abin da masu awo suka ce za su biya, ni zan aiko da shi ƙarshen wata. In an ci karo da baƙi mai nauyi a yi masa a hankali, domin bakalait in ya faɗi fashewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa yadda yake.

Sannan ina roƙon yaran gida, musamman masu hutun makaranta, ku riƙa ɗaukar ɗaya kuna kai wa Baba. Ku kifa shi a gabansa, ku karanta masa abin da ke gindin, ku riƙe sukudireba ya gaya muku inda za ku sa. Hannunsa ne ya gaza, amma duk aikin yana nan a kansa, kuma na ga yadda yake komawa in an tambaye shi abin da ya sani. Mun yi shekara guda muna tambayarsa ya jiki, yana cewa da sauƙi, mu duka muna tsammanin maganar ce ta ƙare masa.

Yanzu duk Juma'a da tarhon nake kiransa. Lambar tana da tsawo, sai na yi kusan rabin minti ina juya faifai kafin ta shiga, kuma kuɗin ya fi na WhatsApp, don haka gaisawa kawai muke yi a kansa mu koma bidiyo. Makon jiya yana ɗauka ya ce ya ji muryata ta fita sosai, amma in duba igiyar kan, kamar akwai inda take ɗan motsi. Na duba, noti ɗaya ne ya sassauta.

A gaida Umma da kyau, a gaida su Anti da yara, da duk mutanen layinmu. Auta, na gode da riƙon waya, hannunki ya sha aiki. Wanda ya fara buɗe buhun nan ya turo min hoto.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku a kullum,
ɗan'uwanku a Manchesta.